Yadda Ɗalibi Zai Ci Moriyar Karatun Harsunan Waje Da Al'adunsu A Jami'a

Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akan samu ɗalibai a Kaduna da Zariya da Kafanchan waɗanda suka nemi fannin shari'a ko aikin jarida, amma makinsu bai kai ba, sai a tura su sashen Faransanci ko na Larabci. Da yawa daga cikinsu sukan karɓa da sanyin jiki, su shafe shekara huɗu suna haddace takardun lacca domin su zuba a jarrabawa, sannan su fito da digiri alhali ba za su iya tsayawa su yi hirar minti goma da mai harshen ba. Wannan asara ce babba, ga ɗalibin da iyayensa da suka biya kuɗi, har ma da yankinmu da ke matuƙar buƙatar tafintoci da malamai. Abin da ke tafe bayani ne a kan yadda ɗalibi, ko shi ya zaɓi fannin da kansa ko an tura shi ne, zai tafiyar da karatunsa har ya kai ga harshen ya zauna a bakinsa da kunnensa, ya kuma fahimci mutanen da ke magana da shi.

Zaɓen harshe

Kafin ɗalibi ya cike fom, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa inda yake son harshen ya kai shi, domin kowane harshe da ƙofar da yake buɗewa. Ga mutumin Kaduna, Faransanci shi ne ya fi kusa da gida. Ƙasashe huɗu da suka yi iyaka da Najeriya ta ƙasa, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Benin, duk da Faransanci ake gudanar da mafi yawan harkokin ofis da makarantu a cikinsu. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, kodayake kowa ya san maganar ba ta yi nisa a aikace ba. Hedikwatar ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a 1975, tana Abuja, kuma da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal take aiki. Wasu na ganin tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a farkon 2025, kuma Nijar ta ɗaga darajar Hausa zuwa harshen ƙasa, to Faransanci ya rasa amfaninsa. A ganina wannan gaggawar hukunci ce. Har a sabon tsarin na Nijar, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, kuma takardun kwastan da na kotu da na asibiti a Maraɗi da Damagaram da Yamai ba su sauya harshe dare ɗaya ba. Bahaushen da ya iya Faransanci da Ingilishi yana da abin da ko ɗan Faransa ba shi da shi a wannan yanki, domin yana iya shiga ofis ya yi magana da harshen takarda, ya fito kasuwa ya yi da harshen jama'a.

Larabci kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma a nan ne tarkonsa yake. Ɗalibin da ya taso a makarantar allo da ta Islamiyya, ya zauna gaban malami a zaure ya karanta littattafan fiƙihu da nahawu, yakan ɗauka ya riga ya gama rabin aikin. Gaskiya ne ya riga takwarorinsa nisa wajen karatu da sanin ƙa'ida, amma Larabcin jami'a ya haɗa da adabin zamani da rubutun jarida da fassara da magana a gaban jama'a, kuma sau da yawa za ka ga wanda zai warware maka i'irabin baiti mai wuya yana in-ina idan aka ce ya bayyana yadda ya zo makaranta da safe. Wanda ya zaɓi Larabci ya san tun farko cewa daidaitaccen Larabci na rubutu daban yake da wanda ake ji a titunan Alƙahira ko Jidda ko Hartum, kuma dukkansu biyun zai buƙata idan aikin tafinta ko hidimar alhazai ko ofishin jakadanci yake hange.

Sinanci shi ne ke tasowa. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja tun 2016 kamfanin ƙasar Sin ne ya shimfiɗa layinsa, kuma 'yan kasuwarmu da ke saro kaya daga birnin Gwanju na ƙasar Sin sun san abin da rashin amintaccen tafinta ke jawowa. Sai dai cibiyoyin Confucius na ƙasar Sin da ke koyar da shi a jami'a suna kudu ne, ɗaya a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, ɗaya a Jami'ar Legas, saboda haka wanda ya ƙudurta wannan sai ya shirya barin gida. Haka nan Jamusanci da Rashanci, waɗanda ake samu a jami'o'i irin su Ibadan da Nsukka. Jamusanci ya fi dacewa da wanda ke da niyyar ƙaro karatu a Jamus daga baya. Ban ba kowa shawarar ya zaɓi harshe don kawai ya ji ana cewa akwai kuɗi a cikinsa ba, domin shekara huɗu tafiya ce mai nisa ga wanda zuciyarsa ba ta son sautin harshen da yake koyo.

Hanyar shiga

A cikin jihar nan, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen Faransanci da na Larabci, haka ma Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004. Hanyar shiga ita ce wadda aka sani: kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Ingilishi, sannan jarrabawar JAMB mai darussa huɗu, ɗaya daga cikinsu Ingilishi ne na dole. Waɗanda suka yi makarantun Larabci suna da takardar hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci ta NBAIS. Abin da ke kayar da ɗalibai da yawa shi ne haɗin darussa. Kowace jami'a tana da sharuɗɗanta, kuma suna rubuce a ƙasidar JAMB ta kowace shekara, saboda haka ɗalibi ya karanta da idonsa kafin ya biya kuɗin fom, kada ya bar mai shagon intanet ya zaɓa masa darussa bisa abin da ya saba cike wa wasu. Wanda yake da takardar NCE ko difloma ko ya ci IJMB yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Wannan hanya tana da kyau ga wanda ya riga ya karanta harshen a kwalejin ilimi, amma wanda tushensa ba shi da ƙarfi gara ya fara daga aji ɗaya, ko da ya ga kamar ya yi asarar shekara.

Tsakanin fitowar sakamako da fara lacca akan samu watanni da ɗalibi ke zaune a gida. Wannan lokaci ya fi kowane daraja ga mai shirin karanta Faransanci, musamman wanda ya fito daga makarantar gwamnati inda ba a samu malamin harshen ba. A garin Kaduna akwai cibiyar Alliance Française da ke koyar da masu farawa daga tushe, kuma wanda ya yi ko da zango ɗaya a can zai shiga aji ɗaya ba tare da firgicin jin malami ya buɗe baki da Faransanci a ranar farko ba.

Shekaru biyu na farko

A nan ne ake cin nasara ko a faɗi, kuma a nan zan fi daɗewa. Sa'o'in da jadawalin jami'a ya ware wa harshen a mako ba su isa su sa mutum ya iya magana ba, ko da malaman sun fi kowa ƙwarewa, domin aji ɗaya cike yake da darussan gama-gari da na zaɓi, ga kuma yawan ɗalibai da ba zai bari kowa ya buɗe baki a kowace lacca ba. Aikin aji shi ne ya ba ɗalibi ƙa'ida da tsari, sauran kuma yana wuyansa. Harshe kamar tuƙin keke yake, ba a koyonsa da kallon mai tuƙi.

Abu na farko shi ne kunne. Ɗalibi ya ware wa kansa rabin sa'a kowace rana, a lokaci guda da ba ya sauyawa, misali bayan sallar asuba ko a cikin motar haya daga Kawo zuwa makaranta, ya saurari masu harshen suna magana. Gidan rediyon Faransa na RFI yana da labaran duniya na kullum da ake karantawa da sauƙaƙan Faransanci, tare da rubutun abin da aka faɗa. Yadda ake cin moriyarsa shi ne a saurara sau ɗaya ba tare da duba rubutu ba, a sake saurara ana bin rubutun da ido, sannan a ɗauki jimla uku ko huɗu a maimaita su da babbar murya ana kwaikwayon hawa da saukar muryar mai karantawa. Akwai wata dabara da ta dace da mu ƙwarai: tun da RFI da DW da BBC da gidan rediyon ƙasar Sin duk suna da sashen Hausa, ɗalibi ya fara jin labaran ranar da Hausa, sannan ya ji su da harshen da yake koyo. Tun da ya riga ya san abin da ya faru, kunnensa zai samu sararin kama kalmomi maimakon ya ruɗe wajen neman ma'ana. Mai koyon Larabci ya yi haka da tashoshin labarai na Larabawa, waɗanda ke amfani da daidaitaccen harshe.

Abu na biyu shi ne furuci, kuma dole a gyara shi da wuri, domin abin da baki ya saba da shi shekara biyu yana da wuyar kankarewa. Bahaushe yana da wuraren da ya saba tuntuɓe a Faransanci. Harshenmu bai raba sautin p da f ba, ba shi da v, ba shi kuma da wasulan da ake fitarwa ta hanci, sannan wasalin da Faransawa ke rubutawa da u, wanda ake yi da leɓɓa a tsuke harshe kuma a gaba, yakan koma u irin tamu, har ma'anar kalma ta sauya. Maganin wannan shi ne ɗalibi ya ɗauki muryarsa da waya yana karanta sakin layi guda, ya saurara kusa da muryar mai harshen, ya lura da inda suka bambanta, ya sake. A ɗaya ɓangaren, muna da namu ribar. Hausa harshe ne mai karin sauti, saboda haka karin sauti huɗu na Sinanci, da ke wahalar da Turawa, ba sabon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Haka nan mun saba da raba suna zuwa namiji da mace, sai dai a kula, jinsin ba lallai ya zo ɗaya ba: rana mace ce a Hausa da Larabci amma namiji a Faransanci, wata kuma akasin haka. Don haka kada a taɓa haddace suna shi kaɗai, a haddace shi tare da harafin da ke nuna jinsinsa.

Abu na uku shi ne littafin kalmomi. Ɗalibai da yawa sukan cika littafi da jerin kalmomi da fassararsu, sannan ba sa sake buɗe shi sai daren jarrabawa. Hanyar da ta fi ita ce a sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu, a raba kowane shafi biyu. A hannun hagu a rubuta cikakkiyar jimlar da aka ji ko aka karanta kalmar a cikinta, a ja layi a ƙarƙashin kalmar, a hannun dama kuma a rubuta ma'anar da Hausa, ba da Ingilishi ba, domin bin ta Ingilishi ƙarin zango ne da ke jinkirta tunani. Kalma biyar zuwa goma a rana sun isa. Washegari a rufe hannun hagu da tafin hannu a gwada dawo da jimlar daga ƙwaƙwalwa, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako. Wadda ta zauna a yi mata alama, wadda ta ƙi a mayar da ita sabon shafi. Akwai manhajojin waya da ke yin wannan lissafi, kuma suna da amfani, amma littafi ba ya buƙatar caji ko data.

Abu na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne buɗe baki. Kunya ita ce ke kashe yawancin masu koyon harshe a wurinmu, musamman 'yan mata da aka tarbiyyantar a kan kamun kai a gaban jama'a, da samarin da ke tsoron dariyar abokai. Ɗalibi ya nemi abokan karatu biyu ko uku, ba fiye ba, su yi yarjejeniya cewa akwai sa'a guda a rana da ba za a yi Hausa ko Ingilishi a tsakaninsu ba, ko da za a koma nuni da hannu. Ɗalibai mata za su fi sakewa idan suka kafa nasu rukunin. Bayan haka a fita waje. Kaduna cike take da mutanen Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin, a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci, da wuraren ɗinki da na gini. Ba dukkansu suka yi boko ba, amma akwai waɗanda suka yi, kuma idan ɗalibi ya gaishe da mutum cikin ladabi ya bayyana masa cewa koyo yake yi, da wuya a ƙi ba shi minti goma. Telan da ke ɗinka maka kaya, idan ɗan Kwatano ne ta Jamhuriyar Benin, ka yi cinikin da Faransanci: ka faɗi awo, ka faɗi launi, ka nemi ragi, ka tambayi ranar karɓa. Za ka yi kuskure, zai gyara maka yana murmushi, kuma gyaran da aka yi maka a gaban keken ɗinki ba ya fita daga kai.

Duk da wannan, kada a raina nahawu. Akwai masu cewa a bar ƙa'ida a kama magana kawai, kuma wannan shawara tana iya isar ɗan yawon buɗe ido, amma ba ta isar wanda zai fassara takardar yarjejeniya ko ya tsaya gaban aji ba. Juya fi'ili a Faransanci, da sarfu a Larabci, da rubuta alamomin Sinanci bisa tsarin jan layinsu, duk abubuwa ne da sai an zauna da biro an yi ta maimaitawa.

Sanin mutanen

Rabin sunan wannan fanni al'adu ne, kuma ɗalibai sukan ɗauki darussan tarihi da wayewar kai da adabi a matsayin kayan cike gurbi. Kuskure ne. Wanda ya iya jimla amma bai san inda ake faɗinta ba yana iya ɓata abin da ya zo gyarawa. Faransanci yana da hanya biyu ta cewa kai, ɗaya ta sabo ɗaya ta girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba ku, kuma amfani da ta sabo ga shugaban ofis a haɗuwar farko rashin ladabi ne da ba a mantawa da wuri. Mutumin Sin yana miƙa katinsa da hannu biyu, yana kuma ƙin a kunyata shi a gaban na ƙasa da shi, sannan a lokacin bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu sukan rufe na tsawon kwanaki, abin da duk mai yi wa ɗan kasuwa tafinta ya kamata ya sani kafin a sayi tikitin jirgi. Bajamushe kuma idan ya ce ƙarfe tara to ƙarfe tara yake nufi, kuma faɗin a'a kai tsaye ba cin fuska ba ne a wurinsa.

Tarihi ma haka. Ɗalibin Faransanci daga Kaduna yana da darasi a ƙofar gidansa, domin ƙasar Hausa guda ce Ingila da Faransa suka raba. A ɓangaren Najeriya Gwamna Lugga ya yi mulki ta hannun sarakuna, aka mayar da Kaduna hedikwatar Arewa, a can kuma Faransawa suka fi riƙe mulki a hannunsu, suka zauna a Damagaram kafin su mayar da babban birni Yamai a 1926. Wanda ya fahimci wannan bambanci zai gane dalilin da ya sa makaranta da kotu da sarauta suke tafiya daban a Katsina da Maraɗi, duk da cewa dangi ne a ɓangarorin biyu.

Iyaye da yawa suna fargabar cewa karatun al'adun wasu zai raba yaro da addininsa da tarbiyyarsa, kuma bai kamata a yi wa wannan fargaba dariya ba. Amsar ita ce sanin abu daban yake da ɗaukarsa. Ɗaliba mai hijabi da ke karanta Faransanci tana buƙatar ta san cewa Faransa ta raba addini da gwamnati da dokar 1905, kuma a 2004 ta hana sanya alamomin addini na fili a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, ta san hujjojin masu goyon baya da na masu adawa, domin ta iya kare matsayinta da harshensu cikin natsuwa idan ta samu kanta a can. Ɗalibin da ya san tarihinsa da adabin Hausa sosai shi ne ya fi iya karanta na wasu ba tare da ya ruɗe ba, shi ya sa nake ganin ya dace duk mai karanta harshen waje ya ɗauki darussan zaɓi a sashen harsunan Najeriya. Fassara ma ba ta yiwuwa sai da ƙarfi a harsuna biyu, kuma da yawa daga cikinmu ba mu iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida ba.

Shekarar zama cikin harshe

A aji uku akan tura ɗaliban Faransanci zuwa Ƙauyen Koyon Faransanci da ke Badagry a jihar Legas, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 domin ya maye gurbin tura ɗalibai ƙasashen waje, abin da tsadar kuɗin waje ta sa ya gagara. Ɗaliban Larabci kuma suna da nasu ƙauyen na Ngala a jihar Borno, wanda matsalar tsaro ta tilasta wa gudanar da ayyukansa daga Maiduguri. Wannan tafiya tana cin kuɗi: na rajista da mota da abinci da littattafai, saboda haka iyaye su fara tanadi tun yaro yana aji ɗaya, su kuma nemi adadin daga sashen da kansa.

Babban abin da ke lalata wannan shekara shi ne 'yan gari su haɗu su kafa ƙaramar Kaduna a ɗakin kwana, su yi ta Hausa daga safe har dare. Zumunci abu ne mai kyau, kuma nisan gida yana sa mutum neman nasa, amma wanda ya yi haka ya biya kuɗin tafiya ne ya dawo da abin da ya tafi da shi. Ɗalibi ya nemi zama da waɗanda ba su jin Hausa, ya shiga wasan kwaikwayo da muhawara, ya riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana cikin harshen ko da layi biyar ne. Badagry tana kusa da iyakar Seme, saboda haka idan makaranta ta shirya ziyara zuwa Jamhuriyar Benin kada a bari ta wuce. Wanda kuma ya samu damar ƙaro karatu a waje, kamar Azhar ko Madina, ya tabbatar hukumomin Najeriya sun amince da makarantar, ya kuma duba zaman lafiyar ƙasar, domin ba mu manta yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Sudan ba bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023.

Takardar da duniya ta sani

Digirin jami'a yana nuna cewa mutum ya yi karatu, amma ma'aikatun ƙasa da ƙasa da jami'o'in waje sun fi gane wani ma'auni mai hawa shida, daga A1 na mai farawa zuwa C2 na wanda ya ƙware. A Faransanci jarrabawar DELF ta ƙunshi A1 zuwa B2, DALF kuma C1 da C2, ana yin su a cibiyoyin Alliance Française, kuma takardar ba ta tsufa. DELF kashi huɗu ce: saurare da karatu da rubutu da magana, kowane kashi maki 25, ana cin ta da maki 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi ɗaya ya faɗi ko da jimillarsa ta haura. Ma'ana, ƙarfin rubutu ba zai rufe raunin kunne ba. Yawancin jami'o'in Faransa B2 suke nema, kuma shi ya kamata ɗalibi ya sa a gaba, ya zauna jarrabawar jim kaɗan bayan dawowa daga Badagry, lokacin da harshen ke da zafi a bakinsa. Sinanci yana da jarrabawar HSK, Jamusanci kuma yana da jarrabawar cibiyar Goethe da ke Legas da kuma TestDaF.

Kundin kammalawa da neman aiki

Idan aka zo aji huɗu, ɗalibi ya zaɓi batun kundinsa daga abin da yake da shi a hannu wanda wasu ba su da shi. Maimakon maimaita nazarin da aka yi sau ɗari a kan adabin Turai, zai iya fassara tatsuniyoyi ko karin magana zuwa Faransanci ya tattauna matsalolin da ya ci karo da su, ko ya nazarci yadda 'yan kasuwar kan iyaka ke cakuɗa harsuna. Ɗalibin Larabci a Kaduna yana da taska a kusa da shi: Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, duk suna ajiye da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke jiran mai tacewa da fassarawa. Kundin da aka yi da gaske a kan irin wannan yana iya zama tsanin digiri na biyu.

Game da aiki, gaskiyar da ya kamata a faɗa wa ɗalibi tun da wuri ita ce harshe shi kaɗai ba kasafai yake ɗaukar mutum aiki ba, sai an haɗa shi da wata sana'a. Mai son koyarwa ya ƙara da diflomar ilimi ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, kuma makarantu masu zaman kansu a Kaduna da Abuja kullum suna neman malamin Faransanci ko Larabci na ƙwarai. Mai son aikin jarida ya fara rubutu da fassarar labarai tun yana makaranta, ya nemi horon hutu a gidan rediyo. Mai hangen ma'aikatar harkokin waje, ko ECOWAS, ko Hukumar Tafkin Chadi da ke Injamena, ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin Sahel, ya ƙara da sanin huldar ƙasa da ƙasa ko lissafin kuɗi ko sarrafa kwamfuta. Majalisar Ɗinkin Duniya tana aiki da harsuna shida, kuma Larabci da Faransanci da Sinanci duk suna ciki.

Akwai masu cewa manhajojin fassara sun kashe wannan sana'a. Sun rage ƙananan ayyuka, babu shakka, kuma ya kamata ɗalibi ya koyi amfani da su, amma har yanzu suna tafka kurakurai a Hausa, kuma ba wanda zai sa hannu a takardar miliyoyin naira, ko ya bar likita ya yi wa mahaifiyarsa bayani, ba tare da mutumin da zai ɗauki alhakin fassarar ba. Tun daga aji uku ɗalibi ya fara tara samfurin ayyukansa a fayil guda: wasiƙar da ya fassara wa ɗan kasuwa, da sanarwar da ya juya wa wata ƙungiya, da muryarsa da ya ɗauka yana tafinta, tare da kwanan wata da sunan wanda zai iya ba da shaida. Idan lokacin bautar ƙasa ya zo, ya nuna wannan fayil da takardarsa ta B2 a wurin da aka tura shi, ya nemi a ba shi aikin da zai riƙa amfani da harshen kullum, domin shekara guda ta rashin magana ta isa ta kwashe abin da aka tara a shekara biyu.